Kaza a Murhun Aisa

Rana ta kusa take tsaka, Aisa na tsugunne gaban murhu, ta rufe hanci da gefen ɗankwali kamar mai sharar rumbu. Ruwan miya ya tafasa. Ta miƙa hannu ta ɗauko daddawa tana kawar da kai, amma kafin ta jefa, warin ya ratsa ɗankwalin ya same ta. Ta yar da daddawar ta ruga bayan ɗaki.

Nan mijinta Alkasim ya tarar da ita da ya taso daga lakwal, wato makarantar boko, ta dafa bango, idanunta sun yi jajur.

"Yau ma?" Ya jingine keke ya miƙo mata buta.

"Yau ma, Mushe." Haka take kiransa, wato malam, da yake aikinsa ke nan, koyar da yara. "Wallahi na yi niyya. Na ce bari ko sau ɗaya in tuƙa maka tuwo, kada ka manta kana da mata."

"Wa ya aike ki? Ban ce ki rabu da murhun nan ba? Ni na ci abinci, tashi ki je ki kwanta."

Alkasim ɗan Kwaya ne, autan Inna Azumi. Aisa kuwa 'yar Yekuwa ce. Can ya gan ta lokacin da aka fara tura shi koyarwa, ya kafe ya tsare sai da aka ba shi ita. Da aka maido shi Magarya, bayan babban farin nan da ya ƙare shanun mutane, suka kama ɗan gidan haya a bayan kasuwa, suna zamansu lafiya, ba mai jin kansu. Abu ɗaya ne ya taɓa zuciyar Aisa. Bara ta sami ciki, murna ta sa Alkasim ya gaya wa yayarsa Dije, wadda ke aure nan cikin gari. Kafin a ce me, labari ya je Kwaya ya dawo. Mata suka riƙa zuwa kallo, wannan ta ce namiji ne, waccan ta ce ai wannan cikar fuska ta tagwaye ce. Cikin ya zube. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aisa ta ji shi ne kawai, ita dai ta san bakin mutane ne ya kama ta.

Shi ya sa da ta ga alama bana, ta sa mijinta ya rantse da Allah ba zai gaya wa kowa ba, sai cikin ya fito da kansa. Ya rantse. A lokacin babu wanda ya san laulayin zai zo da ƙin daddawa da kuka da hayaƙin itace, wato duk abin da tuwo ke bukata. Ko fura ba ta zama mata.

Ya kama hannunta zai tashe ta. Sai ta tsaya cak, ta jawo yatsunsa kusa da hancinta.

"Me ka ci?"

"Pardon, na wanke fa, har da sabulu..."

"Ban ce ka wanke ba. Me ka ci?" Ta sake shinshinawa, ta lumshe ido. "Mushe, yunwa nake ji."

Rabon da ya ji wannan magana daga bakinta har ya manta. Ya tsaya yana kallonta kamar an yi masa albishir da ƙarin albashi.

A bakin tashar mota akwai wata rumfar abinci da kowa ke kira rumfar Ba'indiye. Mai ita sunansa Gulamu, kuma kullum sai ya gyara wa mutane cewa shi ɗan Pakistan ne ba ɗan Indiya ba, kullum kuma sai su ce to, gobe su maimaita. Da can kuku ne na wasu 'yan kasuwar yadi a Kano. Can ya auri Daso, 'yar Magarya, da iyayen gidansa suka koma ƙasarsu sai ya biyo matarsa garinsu. Rumfar ba wata abar a zo a gani ba ce: kwano a sama, zana a gefe, benci da tebura masu rawa, da rediyo da ke ta kiɗan Indiya. Amma da dala goma mutum zai ci ya ƙoshi, shi ya sa direbobi da 'yan kamasho ba sa wuce ta. Nan Alkasim ya riƙa raɓewa da rana tun da murhun gidansa ya huce.

Ranar ya koma ya sayo mata gurasa da miya a kwanon sha. Ta ci, abincin ya zauna mata. Washegari ma haka. Sai dai kafin ya iso gida gurasar ta huce ta yi tauri, Aisa kuma ta ce ƙamshin da ta ji a hannunsa ba shi ne wannan ba, wancan ya fi. Da Daso ta lura Mushe na ci kuma yana tafiya da kwano, sai ta tare shi.

"Matarka ce ba lafiya?"

"Eh... 'yar kasala ce."

"To ka kawo ta ta ƙofar baya. Gurasar nan daga tanderu sai baki, in ta sha iska ta zama takalmi."

Aisa ta ce Allah ya kiyaye. Matar aure ta ci abinci a tasha? Ko a mafarki! Ta kwana biyu tana cewa Allah ya kiyaye, a na uku ta ɗauki mayafi.

Ta lungu suka bi, shi a gaba da nisa, ita a baya ta lulluɓe har ido. A bayan rumfar Gulamu ya keɓe wani ɗan wuri da zana da labule, wai a ƙasarsu kowane gidan abinci yana da wurin iyali. A Magarya kuwa ba macen da ta taɓa shiga, awakin Daso ne ke shan inuwa a ciki. Daso ta kore su, ta share, ta shimfiɗa tabarma. Ta dubi Aisa sau ɗaya, tun daga fuska har ƙafa.

"Zauna ta nan, hayaƙi ba ya zuwa," abin da ta ce ke nan. Ba ta tambaye ta komai ba.

Aka kawo babban tire. Gurasa ce zafi-zafi ta kumbura, gefenta ya ɗan ƙone, an shafa mata man shanu. Ga wata miyar wake rawaya, mai kurkum da tafarnuwa da soyayyar albasa a sama, wadda Gulamu ke kira dal, yana ƙorafin waken ƙasar nan ba irin nasu ba ne. A gefe kuma, a ɗan ƙaramin kwano, ga abin da ya kira ta tun daga hannun mijinta: ɗanyen mangwaro da aka yanka aka jiƙa cikin mai da gishiri da barkono har ya yi laushi. Acar ake ce masa. Aisa ta ɗauki yanka ɗaya ta sa a baki. Tsamin ya kama mata haƙora, hawaye ya cika mata ido, ta miƙa hannu ta ƙara.

Alkasim ya zauna gabanta ya naɗe hannun riga.

"Mushe! Me za ka yi?"

"Ci zan yi mana."

"Da ni? A kwano ɗaya?"

"Nan restora ne, madam. Ba mai ganinmu sai awaki."

Tun da aka ɗaura musu aure ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Nasa akushi a zaure, nata a tsakar gida, haka kowa ya tashi ya gani. Ya yago gurasa ya dangwalo miya ya miƙa mata. Ta karɓa kanta a ƙasa, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ci ta ƙoshi, ta kora da shayi mai madara da citta, sannan ta zauna tana jiran amai. Bai zo ba. A ranar ta ji tana son mijinta fiye da ranar da aka kai ta ɗakinsa.

Daga nan abin ya zama kullum. Shi ya shiga ta gaba a gan shi ya zauna, in ido ya ɗauke ya zagaya baya. Ita ba wanda ya gan ta. Shi kuwa kowa ya gan shi, kuma nan gizo ke saƙa. A Magarya abincin tasha na direbobi ne da baƙi da gwauraye. Magidanci mai mata a gan shi kullum a kan benci, ba shi ake zagi ba, matarsa ake zagi.

Wata safiya Aisa na kwance sai ta ji sallamar Dije. Kafin ta gyara ɗaurin zane har baƙuwar ta wuce madafa. Ta buɗe tukunyar tuwo, wayam. Ta buɗe ta miya, gizo-gizo ya yi saƙa. Ta duba murhu, sai ga kaza ta share toka ta kwanta a tsakanin duwatsun, tana kwanci a kan ƙwai hankalinta kwance.

"La'ilaha illallahu!" Dije ta tafa hannu. "Ashe gaskiya ne! Kaza a murhu! Aisa, kaza har da kwanci?"

"Sannu da zuwa, Yaya Dije."

"Riƙe sannunki! Ana ta faɗa mini a gidan suna, ina ƙaryatawa. Wai ƙanena, mushen lakwal guda, ya koma cin abincin Ba'indiye cikin 'yan kamasho. Me ya same ki? Hannunki ne ya karye?"

"Ba na jin daɗi ne, Yaya."

"Ba kya jin daɗi! Ga kumatu nan kin ajiye, ba kya jin daɗi? Lalaci ne da samun wuri. An ga yana son ki, shi ke nan an miƙe ƙafa."

Maganar ta zo wa Aisa har leɓe. Sai ta tuna bara, ta tuna ta wannan bakin labari ya fita. Ta haɗiye abarta, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan zane. Dije ta zo ganin murhu ne, murhun kuwa ta gani. Ta fita ko ruwa ba ta sha ba.

Ran Alhamis, da yake ba lakwal, aka aiko Inna na neman Alkasim a Kwaya. Ya hau keke da sassafe, bai dawo ba sai la'asar sakaliya. Ya zauna bakin gado bai ko cire hula ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta haife ni don in zama abin nuni a tasha ba. Ta ce macen da kaza ta kwanta a murhunta ba mata ba ce. Tana zuwa ran kasuwa. Ta rantse da Allah sai ta mai da ke Yekuwa da hannunta. In na hana, ba ta yafe mini nonon da na sha ba."

Aisa ta san mahaifinta. In aka mai da masa 'ya a gaban jama'a wai ba ta iya riƙon gida ba, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai bari ta dawo ba. Auren ya ƙare ke nan.

"Aisa, ki warware mini rantsuwar nan. Ni ba zan iya buɗe baki in faɗa wa Inna irin wannan magana ba, da wane ido? Amma in na gaya wa Yaya Dije..."

"Yaya Dije!" Ta fashe da kuka. "Ka gaya wa Yaya Dije ai ka gaya wa kasuwa. Ka manta bara? Ni ban manta ba, Mushe. Ni na ga abin da ya fita daga jikina. Gara a mai da ni gidanmu da abina a raye, da in zauna a ɗakinka ba komai."

Ya daɗe yana kallonta. Ya yi karatu, bai yarda baki na zubar da ciki ba. Amma ya yarda da tsoron da ke idonta.

"Bon, shi ke nan," ya ce. "Na rantse, kuma ina kan rantsuwata. Ba zan faɗa ba. Amma ki sani, hannuna ba zai rubuta miki saki ba, ko za a yanke shi."

"Inna fa?"

"Ban sani ba, Aisa. Wallahi ban sani ba."

Kwanakin da suka rage ba ta fita ba, ba ta kuma ci abin kirki ba. Ta haɗa 'yan kayanta a ƙunshi ta ajiye bayan ƙofa. Ran kasuwa da ta miƙe sai jiri ya kwashe ta, da ƙyar ta dafa gado.

"Ɗauki mayafinki," in ji Alkasim. "Inna sai bayan azahar za ta iso. Ko me za a yi, ba za a yi shi kina da yunwa ba."

Suka bi lungunsu. Daso ta zaunar da ita, ta kawo tire. Alkasim ya zagaya gaba, da yake ranar kasuwa ce rumfar ta cika maƙil, direbobin Damagaram da na Kano da na Dungas, ba damar ya ɓace a rasa lura. Aisa ta yago gurasa ke nan za ta kai baki, sai ta ji muryar Inna.

"Ina yake? Dije, nuna mini shi!"

Inna ta yi sammako. Daga kan amalanken jaki ba ta bi ta gida ba, ta ce sai ta gani da idonta. Aisa ta leƙa ta tsagar zana. Ga tsohuwar nan tsaye a tsakiyar maza da sandarta, Dije a bayanta. Alkasim ya zame daga benci ya durƙusa, hannunsa duk miya.

"Auta! Ashe haka ne? Ubanka har ya koma ga Allah bai taɓa tauna ko gyaɗa a kasuwa ba. Ko shekarar yunwa, ganye na dafa masa ya ci a zaurensa da mutuncinsa. Kai da albashinka da matarka, ga ka nan kana lasar hannu a tasha!"

"Inna, ki yi haƙuri, mu je gida..."

"Gidan da kaza ke kwana a murhu? Tashi! Yanzun nan za ta hau amalanken nan. Mace ba ta dafa ba, ba ta haifa ba, me ake da ita?"

Wannan ta ƙarshen ce ta soki Aisa. Ta toshe bakinta da mayafi. Wani ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Kowa ya bar ci.

Sai ga Gulamu ya fito daga wajen tanderu, gari har gemu, yana goge hannu a tawul. Ya yi shekaru cikin Hausawa, ya iya ciniki, ya iya gaisuwa, har zagi ya iya. Abu ɗaya ne bai taɓa koya ba: abin da ba a faɗa. Daso ta gaya masa a ɗaka abin da ta lura da shi a jikin Aisa don ya rage mata barkono, ba ta zaci sai ta ce masa ya yi shiru ba.

"Mama, Mama, ba faɗa! Zauna, sha shayi. Yarinya ba laifi!"

"Kai kuma wa ya sa da kai?"

"Yarinya ba laifi, Mama! Yarinya ciki ne! Jariri!" Ya zana tulu a gaban cikinsa da hannu biyu, don kada wani ya kasa ganewa. "Tuwo, amai. Miya, amai. Gurasa nawa kaɗai yana zauna. Daso ma haka, duka yara. Mama ka yi murna, jika yana zuwa!"

"Gulamu!" Daso ta kurma ihu daga baya. "Rufe bakin nan naka!"

Ina! Magana ta riga ta fita. Direbobi suka duƙufa kan farantansu kamar yau suka fara ganin wake. Alkasim ya jawo hula ya rufe fuska. Gulamu ya tsaya yana waige-waige, ya rasa me ya yi, shi da ya kawo albishir.

A bayan zana Aisa ta rungume cikinta. Bara mata goma ne suka ji. Yau tasha ce guda, kafin magariba labarin zai kai Kano.

Inna ta dubi ɗanta.

"Auta. Haka ne?"

"Inna... rantsuwa ce a kaina," ya ce daga cikin hula.

Tsohuwar ta juya a hankali ta dubi 'yarta.

"Dije. Ke da kika haihu kika kuma, kika je har gida, kika ga kaza, ba ki ga mai kazar ba?"

Inna ta kawar da kai daga Dije.

"Tana ina?"

Daso ta ɗaga labule. Inna ta shigo tana dogara sanda. Aisa ta durƙusa ta kifa kai a tabarma, kuka ya ƙwace mata.

"Ɗago in gan ki." Inna ta kama haɓarta, ta dubi idanun, ta dubi wuya, ta dubi tafin hannu. Ta saki ajiyar zuciya. "To kukan na mene ne kuma? Ai ni ce da kuka, da na tsufa ban yi hankali ba."

Aisa ba ta iya dubanta ba. Wajen Daso ta juya: "Sun ji... duk sun ji. Irin na bara zai..."

A nan Inna ta gane komai, har da dalilin rantsuwar. Ta tuna ita ma tana cikin masu cewa tagwaye ne. Ba ta ce wa yarinyar tsoronta shirme ne ba. Ta miƙe ta koma gaba, ta buga sanda a ƙasa.

"Ku bayin Allah! Kun ji abin da bai kamata ku ji ba, kuma ba a mayar da ji. To ba mai fita rumfar nan sai ya biya. Kowa ya ɗaga hannu! Bakin da ya ji, shi zai yi addu'a."

Wani dattijon direba mai suna Dikko ya ajiye gurasarsa ya gyara zama. Ya roƙi Allah ya raya abin da ke ciki, ya sauke ta lafiya, ya tsare shi daga baki da ido. Rumfa ta ɗauka da amin, masu hannu da miya da masu hannu da mai, har da 'yan kamashon da ke leƙe daga waje. Muryar Gulamu ta fi ta kowa. Aka shafa fatiha. Aisa na jin su ta cikin zana, ta ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinta ya sauka.

Inna ta dawo ta zauna. Ta dubi tiren da ba a ci komai a cikinsa ba.

"Wannan ne abin da ke zama miki? Ni da cikin Auta farar ƙasa na yi ta ci da ɗanyar tsamiya, har uwar mijina ta ce aljanu ne. Ci abinki."

Aisa ta noƙe. Ko yunwa za ta kashe ta, ina ita ina tauna a gaban suruka?

Inna ta gane. Ta ja jiki ta juya, ta ba ta baya, ta fuskanci zana.

"Ni ba na ganin kowa," ta ce. "Zanar nan nake kallo, saƙarta ta yi kyau. Ke mai gidan nan, kawo mata mai zafi, waccan ta huce."

Aisa ta ci tana hawaye tana murmushi. Can sai ta ga hannun tsohuwa ya zagayo ta baya yana lalube, ya sami ɗan kwanon mangwaro, ya ɗauki yanka ɗaya ya koma. Sai aka ji tari.

"Wa'iyazu billahi! Wannan ai wuta ce." Aka ɗan jima. "Miƙo wani in tabbatar."

Inna ba ta koma Kwaya a ranar ba. Ta kwashe kaza da ƙwanta ta canza musu wuri, ta hura murhun da kanta, ta riƙa tuƙa wa ɗanta tuwo don bakin gari ya mutu. Da rana kuma ita ke raka surukarta ta lungu. Dije ta zo ta ba da haƙuri, aka yafe mata, amma har yau in ta cika surutu a gidan biki sai wata ta tambaye ta lafiyar kaza.

Saura rantsuwar Inna, ita kuwa ba ta rantsuwa a banza. Da cikin ya tsufa, lokacin goyon ciki ya yi, wato a kai mace gidan iyayenta ta haihu a gaban uwarta, Inna ta ce ba mai kai ta sai ita. Aka shimfiɗa katifa a amalanke, aka ɗora buhun gero da turmin atamfa, Gulamu ya kawo kwalbar mangwaro ya ce kyauta ce. Alkasim ya bi su a keke har bayan gari, yana ta gyara igiyar da ba ta kwance ba.

"Koma haka nan, Auta, yara na jiranka," in ji Inna. "Na ce sai na mai da ta Yekuwa da hannuna, ga shi ina cikawa. Da hannun nan kuma zan dawo maka da ita."

Ta dawo da ita bayan arba'in, da 'ya mace a goye, lafiyayya mai cika hannu. Direbobin da suka yi amin kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wannan sabulu, wancan 'yar riga daga Kano, don a ganinsu suna da rabo a cikinta.

Darasin a fili yake. Wanda ya ga murhu ya huce, ya dubi fuskar mai murhun kafin ya ɗauki labari, don sau da yawa abin da ake kira lalaci wani nauyi ne da kunya ta hana a faɗa. Mai tsoron bakin mutane kuma ya tuna, bakin nan dai shi ne ke cewa amin. Aisa ta yi haƙuri da zagi, Alkasim ya riƙe rantsuwarsa bai kuma ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, Allah ya kawo musu mafita ta bakin mutumin da bai san kunya irin tamu ba.

Aisa ta koma tuwonta da miyar kuka, daddawa har tana ƙarawa. Amma duk ranar kasuwa, in Inna ta shigo gari, Daso takan kori awaki ta shimfiɗa tabarma. Su biyu suke zama a bayan labulen, tire ɗaya a tsakani, kowa ta ba 'yar'uwarta baya.